Takardar da ta yi wata biyu a saman firij

Gidan da muke haya yana bakin wata hanyar burji, mil shida daga gari, a yammacin jihar Ayowa ta Amurka. Duk inda mutum ya waiga masara ce da waken soya, sai dogayen rumbunan ƙarfe can nesa. Baban yara yana aiki a masana'antar sarrafa naman talo-talo, kuma kafin a kira asuba ya fita. Ni nake tsayawa da yara biyu a bakin hanya har bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa ta zo ta kwashe su, sannan in koma ciki da ƙaramarsu a goye. A 2021 muka sauka a nan. Faransanci na yi a makaranta, Ingilishi kuwa a ƙasar nan na fara tsintar sa, kalma-kalma.

Tun makon farko na lura makarantar nan ba ta gajiya da aiko takarda. Kowace Alhamis ɗana yakan dawo da fayil a jakarsa, cike da takardu masu launi: jadawalin abinci na wata, sanarwar wasan ƙwallo, ranar ɗaukar hoto, wasiƙar malamarsa. Wasu kuma ta akwatin wasiƙu suke zuwa, da tambarin gunduma a kan ambulan. Sai daga baya na gane mece ce gundumar. A Amurka ba ma'aikatar ilimi ce ke riƙe da makarantu kai tsaye ba. Kowane yanki yana da gundumar makarantunsa, da kwamitin da mutanen wurin suka zaɓa, da sufuritandan da kwamitin ya ɗauka aiki, da kasafinta daban. Sun haura 13,000 a faɗin ƙasar, a Ayowa kaɗai sun fi 300. Tamu ƙananan garuruwa uku ce ta haɗa da gonakin da ke tsakaninsu, firamare ɗaya, sakandare ɗaya. Iyalai a warwatse suke, babu ƙofar makarantar da iyaye ke haɗuwa kullum su ji labari daga bakin juna. Abin da bai zo maka a takarda ko a waya ba, to ya wuce ka.

A shekarar farko na riƙa tara takardun a saman firij, ina cewa zan zauna in duba su idan na samu sarari. Jadawalin abinci kaɗai nake ɗauka da muhimmanci, don Ayowa ce ta fi kowace jiha kiwon alade, kuma naman yana yawan fitowa a abincin makaranta. Nakan zauna da babbar 'yata mu zagaye ranakun da biro ja, a ranakun in ɗaura musu abinci daga gida. Sauran ranaku suna ci a can, babu wanda ya taɓa tambayar mu ko sisi. Na ɗauka haka tsarin ƙasar yake. Ashe sassauci ne na lokacin korona, gwamnatin tarayya ta yafe kuɗin abinci ga kowane ɗalibi, kuma sassaucin ya ƙare a ƙarshen watan Yunin 2022.

Gunduma ta sanar. Wannan ba zan ɗora mata laifinsa ba. A watan Agustan 2022, kafin a koma makaranta, wani ambulan mai kauri ya zo, a cikinsa akwai wasiƙa da fom mai shafi biyu. Na jujjuya shi, na ga layuka da ƙananan akwatuna da alamar dala ko'ina, na ɗora shi a kan 'yan uwansa. Sun kuma riƙa kiran waya da muryar na'ura suna cewa asusun abincin yara ya shiga bashi, amma lambar Baban yara ce a rajista, shi kuwa wayarsa a kulle take a ma'ajiyar kaya har ya tashi daga aiki. Da ya ga baƙuwar lamba, sai ya ɗauka 'yan talla ne.

A farkon watan Oktoba wani siririn ambulan ya zo. Na miƙa wa 'yata, lokacin shekararta 11, na ce ta karanta mini kamar yadda muka saba. Ta buɗe, ta duba, ta yi shiru. Na ce, "Me suka ce?" Ta ce, "Umma, ba komai ba ne." Na san 'yata, na ga yadda take murza gefen takardar da yatsa. Na zaunar da ita a kan kujera, na ce ta faɗa mini ko mene ne. Sai ta fassara mini a hankali, idonta a ƙasa: ana bin mu dala 160 da 'yan kai na abincin rana. Daga nan ta fashe da kuka. Ashe ta riga ta sani. Ta ga wani saƙo a manhajar makaranta tun mako biyu da suka wuce, ta ƙi faɗa mana don ta ji muna lissafin kuɗin haya da daddare. Tun daga ranar ta daina shiga layin abinci. Takan zauna da ƙawayenta ta ce ba ta jin yunwa, don kada bashin ya ƙaru, ƙaninta kuma ya ci gaba da ci.

Babu wanda ya hana ta abinci, kuma babu wanda ya kunyata ta, dokar jihar ma ta hana a nuna yaro a gaban jama'a saboda bashin abinci. Ita ce ta ɗora wa kanta, saboda ni na mayar da ita idona da kunnena. Yarinya 'yar shekara 11 ta kwana goma tana wuni da yunwa a kan wata takarda da ke saman firij ɗina. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari Baban yara ya nemi izinin rabin wuni, muka tafi ofishin makaranta da ambulan ɗin Agusta a hannuna, gefensa har ya yi ƙura. Sakatariyar, wata dattijuwa mai furfura da ta san kowane yaro da sunan kakansa, ta fara bayani da sauri. Da ta ga yadda muke kallon ta, ta dakata, ta tambayi yaren da muke yi a gida. Ta buɗe fayil ɗinmu ta nuna mana takardar da muka cike ranar rajista, wadda ke tambayar yaren gida. Ingilishi muka rubuta. Wani ne ya ba mu shawarar haka a lokacin, wai idan muka rubuta wani yare za a mayar da yaran baya a aji. Ba gaskiya ba ne, kuma da wannan amsar muka rufe wa kanmu ƙofa, don a idon gunduma mu iyali ne da ba ya buƙatar tafinta.

Ta ɗauki wayar tebur ta danna wasu lambobi, ta faɗi sunan yarenmu, muka jira kamar minti biyar. Sai wata murya ta fito daga wayar: "Assalamu alaikum. Alhaji, Hajiya, ina wuninku? Ni ne tafintanku, duk abin da aka faɗa zan mayar muku, duk abin da kuka faɗa zan mayar mata." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Shekara guda da wata biyu ina shiga ginin nan kamar kurma. Tafintan bai ci mana ko kwabo ba. Daga baya na fahimci ba alfarma aka yi mana ba: dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin mutum, kuma a lokacin akwai jagorar da Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Shari'a suka fitar a 2015, wadda ta ce a sanar da iyaye muhimman abubuwa da yaren da suke ji, kada kuma a dogara da yara su zama tafintoci. Wannan na ƙarshen da na san shi da wuri, da 'yata ba ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta ba.

Fom ɗin da ya tsorata ni, a minti ashirin muka gama shi. Na shirin abincin makaranta ne na ƙasa, wanda aka kafa tun 1946 zamanin Shugaba Truman. Fom ɗaya ya isa gida guda, ko yara nawa ne. Ana rubuta sunan duk wanda ke zaune a gidan, da abin da kowane babba yake samu, da ko mako-mako ake biyan sa, ko bayan mako biyu, ko wata-wata. Ana neman lambobi huɗu na ƙarshe na lambar Social Security, wato lambar shaidar da gwamnati ke ba mutum, ta wanda ya sa hannu, wanda ba shi da ita kuma akwai akwatin da zai yi wa alama, shi ke nan. Babu inda aka tambayi takardun zama a ƙasa.

Kuskure biyu na so in yi, tafinta da sakatariya suka tare ni. Na farko, na fara faɗin kuɗin da ke shiga banki, alhali abin da ake so shi ne albashi kafin a cire haraji da inshora, har da na ƙarin lokaci idan kusan kullum ana yin sa. Baban yara ya zaro takardar albashinsa daga aljihu, aka kwafi adadin da ke sama. Da na ji adadin gabana ya faɗi, na ce a raina mun wuce iyaka. Na biyu, mutum huɗu na ƙirga, ban sa jaririyar da ke bayana ba tunda ba ta zuwa makaranta. Sakatariyar ta nuna ta da biro tana murmushi, tafinta ya ce, "Hajiya, ta ce wannan ma mutum ce, kuma tana cin abinci a gidan." Ƙa'idar ita ce, gidan da samunsa bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, yaransa kyauta za su ci. Daga nan zuwa kashi 185 kuma ragi ake yi musu. A waccan shekarar iyakar ragi ga gida mai mutum huɗu dala 51,338 ce a shekara, ga mai mutum biyar dala 60,070. Samunmu a tsakanin biyun ya faɗo. 'Yar goyen nan ce ta tsallakar da yayyenta.

Suna da kwana goma na aiki su ba da amsa, amma a kwana uku wasiƙar ta zo: an amince da ragi, santi 40 abincin rana, santi 30 karin kumallo, maimakon kusan dala uku da ake rubuta mana a kan kowane faranti. Tsohon bashin dai bai goge ba, don amincewar ba ta komawa baya ta rufe kwanakin da suka wuce. Muka biya shi kashi huɗu. Da na cike fom ɗin a Agusta, da kuɗin nan bai kai dala 30 ba. Akwai kuma wata ƙaramar takarda a haɗe, ta ba da izini a yi amfani da sakamakon wajen rage mana kuɗin littattafai da ake biya lokacin rajista, ita ma muka sa hannu. Sakatariyar ta ja kunnenmu cewa kowace shekara sai an sake cikewa, na bara yana ɗaukar mutum kwana 30 ne kawai na makaranta a farkon sabuwar shekarar karatu, kuma a cikin kaka ana zaɓar wasu gidaje a ce su kawo takardun albashi don tabbatarwa, kada mu firgita idan abin ya faɗo kanmu.

Wata magana da ta faɗa a ƙarshe ta zauna mini. Na yi mata godiya har ina ba da haƙuri don mun ɗora musu wahala. Ta girgiza kai ta ce su ma suna buƙatar fom ɗin, domin yawan yaran da suka cancanta yana shiga lissafin wasu tallafin da makaranta ke samu, har da ragin kuɗin intanet. Ta ce a ranar 1 ga Oktoba ake ƙirga ɗaliban kowace gunduma a jihar, kuma kowane yaro yana jawo sama da dala 7,000 a kasafi. A wurin da matasa ke ƙaura zuwa birni, gonaki suna haɗewa a hannun mutane kaɗan, yara biyu ba ƙaramin abu ba ne. Na shiga ofishin ina ganin kaina mai roƙo. A mota na ce wa Baban yara, "Ashe mu ma ana lissafi da mu."

Ranar muka gyara takardar yare, muka sa lambata a gaba da tasa, aka saukar mini da manhajar a waya. Na ɗauka an gama. Sai sanyi ya zo da nasa darasin.

Wata safiya a Janairun 2023, ƙarfe biyar da rabi, saƙo ya shigo. Na gane rabin farko: za a fara makaranta a makare da awa biyu. Wannan na riga na koye shi. Rabin na biyu kalmomi ne 'yan kaɗan game da bas da hanya, na sa a manhajar fassara ta ba ni abin da ba shi da kai ba shi da gindi, na ƙyale. Ƙarfe tara saura muka fita bakin hanya. Iska tana kwaso dusar ƙanƙara daga gonaki tana shimfiɗa ta a kan burji, sanyin yana shiga ƙashi. Minti goma, ashirin, babu bas. Ɗana ya ce, "Umma, ba na jin yatsuna." Ina shirin mayar da su ciki sai ga matar mai gidan da muke haya a cikin akori-kurarta. Ta sauke gilashi tana nuna mana gabas da hannu. Abin da saƙon yake nufi shi ne bas kwalta kawai za ta bi, ba za ta shiga burji ba don kada ta kafe. Mutanen karkarar nan da wannan sanarwar suka tashi, kowa ya san mahaɗar da zai kai yaransa. Mahaɗarmu tana da nisan mil ɗaya da rabi, kuma babu takardar da ta taɓa faɗa mana. Matar mai gidan ce ta kai su makaranta ranar.

A nan kam na ga gunduma ta gaza, kuma na ce sai na faɗa. Sanarwar da sai ɗan gari zai gane ta, rabin sanarwa ce. Na koma wurin sakatariya, ta ce maganar bas ta fi ƙarfin teburinta, amma kwamitin gunduma yana zama sau ɗaya a wata, ƙofa a buɗe, kowa yana iya zuwa ya yi magana. Dokar jihar ta wajabta a manna ajandar zaman aƙalla awa 24 kafin a zauna, kuma bayan an tashi ana buga abin da aka yanke a jaridar garin mai fitowa mako-mako, har da jerin kuɗaɗen da aka biya, daga man bas zuwa madarar yara. Na nemi tafinta tun mako guda kafin ranar.

A ɗakin karatu na sakandare aka zauna. Mutum biyar ne a kwamitin, kuma ba a biyan su albashi: manoma biyu, wata ma'aikaciyar jinya, wani mai shagon kayan gyara, da wata tsohuwar malama. 'Yan kallo ba mu kai goma ba. Aka ba ni minti uku, suka ƙara mini saboda fassara. Gwiwoyina suna rawa na miƙe, na ajiye wayar a kan tebur, na ba da labarin safiyar nan kamar yadda ta faru, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ba ni kaɗai ba ce, akwai iyalai daga Guatemala da Sudan da ƙasar Bama (Myanmar) a gidajen gona, duk masana'anta ɗaya ta kawo mu. Ɗaya daga cikin manoman ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce shi tunda yake bai taɓa tunanin akwai wanda bai san ma'anar wannan sanarwar ba. Ba su yanke komai a daren ba, don abin da ba ya cikin ajanda ba a yanke hukunci a kansa. Amma bayan mako uku fayil ɗin Alhamis ya zo da taswira: kowace hanyar bas da launinta, da tauraro a kan mahaɗar da za a jira ranar da aka ce kwalta kawai, da lokacin isowa a gefe. Taswira ba ta neman tafinta. Fassara dukkan takardu zuwa Hausa kuwa ba a yi ba, har yau ma ba a yi, sai dai in kira a haɗa ni da tafinta idan takarda ta yi nauyi.

Yanzu Alhamis da daddare, bayan sallar isha'i, nakan baje fayil ɗin a kan tabarma. Na koyi rarrabe su. Akwai waɗanda doka ce ta sa a aiko kowace shekara, kamar sanarwar asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu da ke cikin tsofaffin gine-gine, wadda ta tayar mini da hankali a karon farko har na kira ofis, aka ce wata doka ce ta 1986 ta wajabta sanar da iyaye ko da babu abin da ya faru. Akwai ta FERPA, dokar 1974 kan sirrin bayanan ɗalibai, wadda ke ba iyaye dama su ce kada a fitar da sunan ɗansu ko hotonsa. Mun yi shawara da Baban yara muka bar na littafin hotunan ɗalibai na ƙarshen shekara, muka hana na Facebook. Duk takardar da na ga layin sa hannu da kwanan wata a ƙasanta, a daren nake gamawa da ita. 'Yata takan zauna kusa da ni tana aikin gida. Wani lokaci takan leƙo ta gyara mini furucin wata kalma, amma ambulan mai tambarin gunduma ni nake buɗe shi.

A Janairun 2024 guguwar dusar ƙanƙara biyu suka biyo juna cikin mako ɗaya, aka yi kwanaki babu makaranta, burji ya toshe har sai da motar share hanya ta zo. Ranar da aka koma, saƙon ya shigo ƙarfe biyar da rabi, na karanta shi da kaina tun daga farko har ƙarshe. Lokacin mun samu mota ta biyu. Na tayar da ita ta yi zafi, na zuba yara, na tsaya a gidan gonar da ke gaba da namu, inda wata mata daga Guatemala ta tare da 'ya'yanta uku kafin Kirsimeti. Na tarar da su a bakin hanya cikin manyan riguna, suna kallon inda bas ta saba ɓullowa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na zaro taswirar daga aljihun ƙofa, na ɗora yatsa a kan tauraron, na buɗe musu ƙofar baya.